Tsagar da Maza Ba Su Gani Ba

Maza huɗu ne suka duba gidan kafin ni, dukkansu kuma suka ce lafiyarsa ƙalau. Yayana ya duba, dillali ya duba, wani abokin yayana mai sayar da siminti ya duba. Na huɗun shi ne mai gidan da kansa, wanda ya ce a kan idonsa aka aza kowane bulo. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ukun farko iyakarsu soro da falon baƙi. Gida ne mai mata a ciki, an kuma rubuta "ba shiga" a saman ƙofar tsakar gida. Suka zagaya ta waje, suka bubbuga katanga, suka ɗaga kai suka kalli kwano, aka kawo musu ruwan sanyi suka sha, suka ce Allah ya sanya albarka. Wannan shi ne dubawar.

Ni ce mai sayen. A lokacin ban daɗe da yin ritaya daga gidan rediyo ba, inda na yi shekaruna a ɗakin labarai, ina fassarawa ina karantawa. Mijina ya rasu, 'ya'yana kowa na gidansa. Inna, mahaifiyarmu, tana Gwaram a wurin Yaya, kuma duk wata sai an kawo ta babban asibitin Birnin Kudu saboda gwiwoyinta da hawan jini. Ranar asibiti kan cinye mata kwana uku: ɗaya na fargabar hanya, ɗaya na hanyar, ɗaya na jinyar gajiya. Sai na yanke shawarar in sayi gida a Birnin Kudu, mu zauna ni da ita, inda ɗan acaɓa ko mai keke zai kai mu asibiti kafin shayi ya huce.

Mai gidan wani Alhaji ne mai motocin haya da ke jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano, yana shirin kwashe iyalinsa ya koma can. A hannunsa Yaya ya koyi tuƙi. Har yau Yaya, da furfurarsa da jikokinsa, ba ya gaishe shi a tsaye, kuma Baba yake kiransa. Da ya ji Alhaji zai sayar da gida, bai tsaya tambayata ba, ya ce masa, "Baba, mun ɗauka." Daga baya ya bugo min waya yana murna, ya ce in zo in gaida matar gidan, in kuma zaɓa wa Inna ɗaki. Ba dubawa aka kira ni ba. A wurinsu an gama wannan.

Na je a ƙarshen bazara, ana ta sa ran ruwan farko. Gidan ya sha sabon fenti, ciki da waje, har ƙamshinsa bai gama fita ba. Hajiya, uwargidan Alhaji, mace ce mai jiki da saurin dariya, ta karɓe ni kamar mun taɓa zama tare. Ta zagaya da ni ɗaki ɗaki, daga ƙarshe ta kai ni na can ƙurya, ta ce, "Ga na tsohuwa. Ya fi kowanne sanyi, babu matakala, ga bayan gida kusa."

Gaskiyarta. Da ni kaɗai aka bari ma shi zan zaɓa. Sun fara haɗa kaya, an sauke kwanukan jere daga babban kabet, an kuma janye shi daga jikin bango don a ɗaure. A inda kabet ɗin ya tashi ne fentin bai kai ba, a nan na ga tsagar.

Ta taso daga kusurwar taga ta sama, ta karkata ta haura zuwa silin, tana bin tsakanin bulo hawa hawa. An taɓa toshe ta da siminti, toshin ya sake buɗewa. A gefensa akwai wani toshin da ya fi shi tsufa, launinsa daban, shi ma ya buɗe. Na tsaya ina kallo har Hajiya ta lura.

"Wannan? Ai ta zama 'yar gida," ta ce. "Duk bayan damina Alhaji yana sa a toshe. Ita kuma duk bayan damina tana dawowa ta gaishe mu."

Na fito soro na sami Yaya, na gaya masa a hankali. Ya yi dariya ya ce tsagar filasta ce, wane gida ne ba shi da ita, ai namu na Gwaram ma bangonsa kamar tafin ƙafar manomi. Ban musa ba, don ban sani ba. Ban san gini ba ko kaɗan. Abin da na sani shi ne aikina, kuma a aikina idan labari ya zo daga bakin mutum ɗaya, mutumin kuma yana da ruwa a ciki, ajiye shi ake yi sai an ji wani bakin. Na ce ina son magini ya gani.

"Magini? A gidan Baba?" Yaya ya rage murya. "Kin san me kike cewa? Cewa kike yi ƙarya yake."

"Cewa nake yi ban sani ba."

"Ni na sani."

"Ka shiga ɗakin?"

Ya ce in ji tsoron Allah, ta ina zai shiga ɗakin matan Baba. Na ce to ashe mu biyu ne ba mu sani ba.

Akwai wani tsohon magini a Zandam, kusa da Gwaram, da ya taɓa tayar wa Inna katangar da ruwa ya ci. Ya fara da ginin ƙasa tun yana saurayi, ya koma na bulo da zamani ya juya. Ba ya yawan magana, kuma idan ya ce katanga za ta kai baɗi takan kai. Bayan kwana biyu na biya na ɗauke shi a motar haya, muka taho Birnin Kudu da hantsi. Yaya ya riga mu isa, don ya shirya wa Alhaji zancen, kamar yadda ya ce. Ga dukkan alama bai shiryu ba.

Muka tarar da Alhaji a soro, zaune a kan darduma, dillali a gefensa, Yaya a raɓe kusa da ƙofa. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har aka tambayi lafiyar mutanen Zandam da yadda ake shirin shuka. Sannan na faɗi abin da ya kawo mu.

Alhaji ya ce, "Babu namijin da zai shiga min gida a kan iyalina."

Kowa a soron ya san magina na shiga gidajen kulle kullum. Sallama ake yi, a ce mata su shiga ɗaki, a yi aiki a fita. Wanda ya yi fentin nan ba ta sama ya sauko ba. Amma mai fenti gyara ya zo yi, wannan kuwa bincike ya zo yi, kuma Alhaji bai ɓoye cewa bambancin ke nan ba.

"Idan mun tashi," ya ce, "ki kawo magina goma su kwana a ciki."

"Yaushe za ku tashi, Alhaji?"

"Idan an gama ciniki."

Dillali ya yi 'yar dariya ya ce ai shi ke nan, magana ta yi daɗi. Ni ban ji daɗinta ba. Na dubi maginin, yana zaune yana kallon yatsun ƙafarsa kamar ba da shi ake ba. Sai na ce, "To kada ya shiga. Ni ai mace ce, kuma Hajiya ta ce gidan gidana ne. Malam ya zauna a nan ya tambaya, ni in shiga in gano in zo in faɗa."

Alhaji ya daɗe yana kallona. Ba shi da hanyar hana mace shiga wurin mata ba tare da ya faɗi dalili ba. Ya ce, "'Yar rediyo ke nan. Bismilla."

Maginin ya gyara zama. Tambayarsa ta farko ita ce, a tsaye take, a kwance take, ko a karkace. Wannan na riga na sani, na ce a karkace, tana bin bulo kamar matakala. Ya ce, "Wane bakin ya fi faɗi, na sama ko na ƙasa?" Na shiga.

Hajiya na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta riga ta ji komai, don tsakanin soro da tsakar gidan labule ne kawai da gajeren lungu. Ta ba ni kujera 'yar tsuguno na taka. A ƙasa, wajen taga, da ƙyar farce zai shiga. A sama ɗan yatsana ya shige har gaɓar farko. Na fito na faɗa kamar yadda na gani, ban ƙara ba ban rage ba.

"Ki samo tsinken tsintsiya, mai tsawo," ya ce. "Ki zura a inda ta fi faɗi. Inda ya tsaya ki karya, ki kawo min."

Na koma. Tsinken bai tsaya ba. Ya yi ta shiga har ya kusa ƙarewa a hannuna. Hajiya ta ce in dakata, ta ajiye farantinta ta zagaya ta bayan ɗakin. Akwai wani siririn lungu tsakanin ɗakin da katangar waje, inda suke ajiye itace, shi ya sa duk wanda ya zagaya gidan ta titi katanga kawai zai gani, ba bangon ɗakin ba. Can na ji muryarta ta cikin bango: "Ƙanwata, turo! Ga shi nan ya leƙo." Ta ja, tsinken ya bar hannuna ya bi ta.

Na fito soro hannu wofi. Maginin ya ce, "Ina tsinken?"

"Ya fita ta baya."

Dillali ya ce tsintsiyar zamani ce, siririya ce ƙwarai, ko'ina ma shiga take. Babu wanda ya taya shi.

Aka aike ni in duba taga da ƙofa. Tagar ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an danna, an ma ɗaure marfinta ɗaya da waya. Ƙofar tana rufuwa lafiya, amma da na shafa samanta na ji an fere katakon, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Hajiya ta ce kafinta ya zo sau biyu, ko uku, ta manta. Na fito na faɗi na taga da na katako. Zuwan kafinta ban faɗa ba, don ba idona ne ya gani ba, kuma ba na son sunan Hajiya ya fito a soron.

Zuwa lokacin na jiƙe da gumi, gyalena ya ƙi zama a kafaɗa. Yaya ya daina kallon kowa. Alhaji yana jan carbi, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri.

"Saura biyu, Malama," in ji maginin. "Ki zuba ruwa a tsakiyar ɗakin, kaɗan, ki ga inda zai nufa. Sannan ki sami abu mai nauyi ki bubbuga daɓen, daga bakin ƙofa har kusurwar nan. Ki saurara."

Hajiya ta ba ni buta. Ruwan bai yi shawara ba, ya miƙe ya tafi kusurwar da ke ƙarƙashin tsagar ya taru. Da na nemi abu mai nauyi sai ta miƙo min taɓarya, tana cewa in yi a hankali kada in rusa musu gida tun ban saya ba. Na fara daga bakin ƙofa. Ƙarar a nan gajeriya ce, a toshe. Ina matsawa tana canzawa, har na isa kusurwar, inda daɓen ya amsa min kamar an bugi bayan ƙwarya. Shekaru na yi ina sauraren murya ta cikin abin sawa a kunne, ina gane wanda ya matsa kusa da makirfo da wanda ya ja baya. Ban buƙaci kowa ya fassara min wannan ƙarar ba. Akwai fili a ƙarƙashin simintin.

Na tsaya riƙe da taɓaryar. Hajiya ta jingina da ƙofa, dariyar ta bar fuskarta. Ta ce, ƙasa ƙasa, "Lokacin da aka kawo ni gidan nan, a nan agwagin unguwa ke wanka. Kududdufi ne. Duk tsofaffin gidajen layin nan da ƙasarsa aka gina su. Daga baya aka yi ta zuba shara, aka zo aka cike, aka ƙara ɗakin." Ta karɓi taɓaryar daga hannuna. "Ban gaya miki komai ba."

"Ban ji komai ba," na ce.

Da na fito, ban kai ga buɗe baki ba maginin ya ce, "Mun ji." Ƙarar ta iso soro. Na faɗi na ruwan. Ya gyaɗa kai, sannan a karon farko ya juya ga mai gidan.

"Alhaji, me ke wurin nan kafin a yi ɗakin?"

"Fili."

Maginin baƙo ne, talaka, a soron mai arziki, ya kai iyakar inda zai iya kaiwa. Sauran nawa ne. Na ce, "Alhaji, ko an taɓa cike wurin?"

Carbin ya tsaya. "Wa ya gaya miki?"

"Ruwan buta."

Ban ɗauka zai amsa ba, amma ya amsa, kuma ina yaba masa wannan har gobe. Ya ce ƙwarai an cike. Ya ce rabin garin nan a kan cikakken rami yake zaune, duk inda aka ga tsohuwar unguwa akwai kududdufin da aka haƙa aka gina ta. Ya ce shi bai yi ha'inci ba, jar ƙasa ya sa aka yi ta kawowa a tifa ana zubawa ana dannewa, bai bar shara a fili ba. Na yarda da shi. Ban taɓa zaton ya zauna ya shirya cutata ba. Ya saba da tsagar ne har ya daina ganinta, kamar yadda mutum ke daina jin ƙarar injin niƙan maƙwabta.

Na tambayi maginin ra'ayinsa a gaban kowa. Ya ce sauran gidan bai ji abin tsoro ba, a kan ƙasar asali yake. Ɗakin ƙurya kuwa kusurwarsa tana sauka, tana jan bangon, shi ya sa bakin tsagar ya fi buɗewa a sama. Ya ce abin da ke ƙarƙashi bai gama kwanciya ba, duk damina yana shan ruwa ya ƙara zama.

"Zai faɗi?" in ji Yaya. Ita ce maganarsa ta farko.

"Ban ce zai faɗi bana ba. Ban ce ba zai faɗi ba. Na ce yana tafiya."

"Toshewa fa?"

"Toshewa ta ido ce. In ana son gyara, a sauke ɗakin, a haƙa har a sami ƙasa mai tauri, a taso daga can. Ramin kuwa ban san zurfinsa ba. Wataƙila Alhaji ya sani."

Alhaji bai ce ya sani ba. Na kawo shawara biyu. Ko a bar maganar har damina ta wuce, mu sa alama a bakin tsagar mu ga ko ta motsa, ko kuma a sauke ɗakin kafin ciniki a ga abin da ke ƙasa. Ya ce ba zai jira damina ba, akwai masu so. Ba kuma zai rusa ɗakin da ya gina da hannunsa don a gwada maganarsa ba. Sai ya ajiye carbin a kan darduma, ya dube ni sosai.

"Mahaifiyata na gina wa ɗakin nan. A cikinsa ta zauna, a cikinsa ta yi jinya, a cikinsa Allah ya karɓi ranta, bango bai taɓa ta ba. Taki ta fi tawa ne?"

Tambaya ce da aka gina ta yadda duk amsar da ka bayar ka yi laifi, na kuma san irinta, na sha jin 'yan siyasa suna yi wa abokan aikina.

"Ba ta fi ba, Alhaji," na ce. "Allah ya jiƙan taka. Amma wannan tawa ce, ni za a tambaya."

Yaya ya miƙe ya ce yana son magana da ni a waje. Muka tsaya a inuwar katanga, rana ta take. Bai yi faɗa ba, roƙo ya yi, wanda ya fi faɗa wuya. Ya ce ya ji, kada in saya. Amma in koma in ce za mu je mu yi shawara. Haka ake yi. A ce za a yi shawara, a yi sallama, kowa ya gane, ba a sake tayar da zancen ba, mutuncin kowa na nan. Ya ce shi ne zai ci gaba da haɗuwa da Baba a tasha, a masallaci, a wurin jana'iza, ni kuwa in shige ɗaki in rufe ƙofa.

Na san al'adar, na kuma san amfaninta. Na sha yin ta a kan zani da tukunya. Amma na san abin da zai biyo baya a wannan karon, don na san yayana. Idan aka bar ƙofar a buɗe da sunan shawara, zai je wurin Inna, Inna ta kira ni, a ce Alhaji ya yi sassauci, a ce za a toshe da siminti mai kyau, a ce a sa kaya a ɗakin ƙurya Inna ta zauna a na gaba. Bayan wata biyu zafi ya dame ta a na gaban, ta ce a mayar da ita mai sanyin. Ni da kaina zan ɗaukar mata tabarma. Hanya ɗaya ce ta hana wannan, ita ce a rufe zancen a inda aka buɗe shi.

Na koma soro, na durƙusa kamar yadda ya dace, na ce, "Alhaji, na gode da karamci. Ba zan sayi gidan ba, saboda ɗakin ƙurya yana kan cike kuma yana sauka. Ba wani dalili bayan wannan."

Ya ce, "Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Bai sake kallona ba. Dillali ya bi mu har bakin titi yana cewa a rediyo ma ai ana sakaya magana. Na ce masa ana sakaya suna, ba a sakaya abin da ya faru.

A motar komawa Gwaram Yaya ya zauna a gaba, ni da maginin a baya. Da muka sauke maginin a mararrabar garinsu sai ya ce in gaida Inna, in kuma gaya mata katangarta tana son a ɗaga mata ƙasa a gindi kafin ruwa ya sauka.

Na zaci Inna za ta goyi bayana, tunda don ita aka yi. Ba ta goya ba. Ta saurari Yaya, ta saurare ni, sannan ta ce, "Ni kwana nawa ya rage min da za ki kunyata ɗan'uwanki a kan bango? Da kin bar ni na shiga. In ya faɗo ai da kwanana ya zo." Na ce idan kwananta ya zo ba ni da ta cewa, amma ba ni zan kai ta in shimfiɗa mata a ƙarƙashinsa ba. Ta ce tun ina yarinya haka nake, ba a gama magana da ni. Ta umarce ni in koma in ba Alhaji haƙuri.

Na koma, don umarninta ne. Na same shi a tasha a cikin rumfarsa, na ba shi haƙuri a kan taɓaryar da na buga masa a gida baƙi na ji, da kuma tsayar da shi da na yi a gaban yaransa. Ya ce ya wuce. Ya jira ko zan ƙara wani abu a kan ɗakin. Ban ƙara ba, shi ma bai tambaya ba.

Haya muka kama a wata unguwa ta bayan asibiti, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, a kan tudu mai tsakuwa. Kafin mu shiga na sa mai gidan ya fitar da komai, maginin ya shiga da ƙafarsa ya duba kowane bango. Gidan ba shi da kyau, kuma da bazara yana da zafi. Inna ba ta fasa gaya min haka ba, musamman idan baƙi sun zo.

Gidan Alhaji wani ya saye shi kafin ruwa ya sauka. Ban san ko an nuna masa bayan kabet ba, ban san kuma abin da ya yi da ɗakin ba. Yaya ya ɗauki kusan shekara kafin ya dawo cin abinci a wurina. Yanzu yana zuwa, kuma duk ƙarshen damina, bayan ya wanke hannu, sai ya ce, "Na bi ta layin Baba. Gidanki dai na nan a tsaye."

Nakan ce masa Allah ya ƙara tsayar da shi, don akwai mutane a ciki, kuma da gaske nake. Sannan in ce ko yau aka kawo min shi ba zan saya ba. Inna, daga kan gadonta, takan ce mu rufa mata baki haka nan, mu miƙo mata mafici.